Kwalaben da Sunka Kwana Huɗu a Ɗakin Inna

Salamu alaikum ƴan uwa, Basiratu ce ta Filinge. Na ga saƙonninku, kowa na tambayar yadda anka ƙare ranar Asabar. Zan faɗa, amma sai kun bar ni na fara daga Talata, don a can na tafka kuskuren. Kuma tun yanzu ina roƙo, wadda za ta zage ni ta bari ta kai ƙarshe.

Ga wanda yau ne ya fara karanta ni: shekarata ashirin da ɗaya, na yi lise, jarrabawar bak ta ƙarshen sakandare ta kayar da ni sau biyu na haƙura. Yanzu ina taya Inna shanya ganyen kinkeliba da tsabre da na'ana'a muna sayarwa. Babana Malam Ibrah shi ne ladanin masallacin unguwarmu. Ni kuwa a gidanmu an san ni da abu guda, rashin magana. Idan baƙo ya shigo, bango ma ya fi ni surutu.

Wurin sayen ganyen nan Mansur ya gan ni. Ɗan Bonkuku ne, amma a Yamai yake zaune. Shi da abokinsa suna da ɗan wuri inda suke dafa wani abin sha na kwalba, sun sa masa suna Sanyin Dallol. Gero suke tsirarwa, su shanya, su niƙa, su dafa shi da ganyayen shayi irin namu, su bar shi ya ɗan yi kumfa, sannan su tsayar da shi da sanyi kafin ya wuce gona da iri. Wata biyar yana zuwa sayen kinkeliba fiye da abin da tukunyarsa za ta ci, kafin na gane ba ganyen ba ne.

Matsalata ita ce Gwaggo Bintu, yayar Baba. Ta daɗe da yi wa ɗanta Abdurrazak kamuna, ba tare da ta tambayi kowa ba. Baba ya ce shi ba zai zaɓa mini ba, amma kunnensa a hannun yayarsa yake. Ranar da anka sa ranar zuwan kawunnan Mansur neman aure, a tsakar gida ta tsaya, hannu a ƙugu.

"Ibrah, tsiron hatsi da kumhwa bisa kai, mi sunanshi in ba giya ba? Ko an sa mata riga da hula, giya giya ta. Ladan guda za ya ba mai giya ɗiya?"

Baba ya daɗe yana jan carbi. Sannan ya ce, "A ce mishi ya aiko da abin. Ni da kaina ka buɗe shi gaban baƙi in sha. In halas na, bakin kowa ya mutu. In haram na, magana ta mutu."

Ina bayan ƙofar kicin na ji. Kun ji abin da ke gabana: kwalba ɗaya, kurɓi ɗaya, aurena.

Ban damu ba a lokacin, wallahi. Na taɓa shan abin. Mansur ya taɓa kawo mini ɗaya cikin kula mai ƙanƙara, na sha a ƙofar gida ina kallon yatsun ƙafata. Zaƙi ne mai sanyi kamar kunun zaƙi da aka tace sau uku, ƙamshin tsabre a hanci, ɗan ɗacin kinkeliba a ƙarshen harshe. Babu komai a ciki sai alheri.

Talata da hantsi saƙon murya ya shigo. Na shige banɗaki na kara wayar a kunne.

"Basira, katon ɗin kwalaben ya taso cikin motar kasuwa, kwalba ashirin da huɗu. Don girman Allah da ya iso a kai shi firigo ya sha sanyi, ko na maƙwabta ne. Abin nan rai gare shi, zafi ne abokin gabarsa. Kin ji ko? Kada ki manta, gimbiyar kinkeliba."

Na rubuta masa: "To." Na ƙara da hoton ɗan fure.

Motar ba ta iso ba sai bayan la'asar, wai taya ta fashe musu a Baleyara, katon yana bisa rufi rana na dukansa. Inna ta karɓe shi da guɗa. Ta kai shi ɗakinta, ta ajiye gefen gado kusa da jeren kwanukanta, ta ɗauko sabon zanen atamfa mai ruwan ganye ta lulluɓe shi. Ku da kuka san ƙasarmu kun san dokar: kayan gaisuwar surukai ba a buɗe su, ba a fita da su gidan wani, sai dangi sun zo sun gani da idonsu. A ɗauki kayan neman auren ɗiya a kai firigon Hannatu mai sayar da ƙanƙara, unguwa ta ƙirga su kafin gwaggonni su gani? Inna sai ta suma.

Ɗakin Inna kuwa rufin kwano ne. Watan Afrilu. Ɗakin da ko man kaɗanya ka ajiye da safe, da azahar ya zama ruwa.

Abin da ya rage kawai in buɗe baki in ce, "Inna, ya ce a sa a sanyi." Kalma bakwai. Amma ta yaya? "Ya ce" wa? Ni da ban taɓa ambaton sunansa gaban Inna ba, ni da in an yi zancensa nake tashi in bar wurin? Ɗiyar kirki ba ta sanin abin da ke cikin kayanta, balle ta ce ga yadda za a yi da su. Sai a ce ta ƙosa.

Na gwada fa. Laraba na same ta tana tsince shinkafa.

"Inna."

"Mi?"

"Wancan... abin..."

Ta ɗago ta dube ni. "Wane abu?"

"Tsintsiya. Ina tsintsiya?"

"Ga ta nan hannunki, Basiratu. Lahiyarki ƙalau?"

Alhamis Mansur ya rubuto: "Yana cikin sanyi ko?" Na daɗe ina kallon saƙon. Na tura masa hoton babban yatsa. Ban rubuta ƙarya da harafi ba, haka na riƙa faɗa wa zuciyata. Na ce saura kwana biyu kawai, mi zai faru cikin kwana biyu?

Asabar da safe gida ya cika. An yanka zabbi, ana gyaran zogale, ana daka. Inna ta ba ni bazan ɗina, shadda ruwan toka mai aikin zare a wuya, ta ce in sa bayan azahar ko da ba mai ganina. Gwaggo Bintu ta iso tun da hantsi cikin lafaya ja, tana fifita da gefen mayafi tana cewa zafin bana na masu zunubi ne. Aka tura ni sharar ɗakin Inna.

Da na ɗaga labule wani wari ya tare ni. Ba wari ba dai, wani abu tsakanin ƙamshi da tsami, kamar ƙullun masa da ya kwana. Na ɗaga zanen. Gefensa ya jiƙe sharkaf. Kwalba ɗaya ta tsage daga wuya, ruwan ya bi ƙasa ya bushe, tururuwa sun yi layi. Na kasa kunne. Wallahi ƴan uwa, katon ɗin magana yake yi. Wani siririn sauti, sssss, kamar maciji cikin rumbu.

Na zaro kwalba ɗaya, da ɗumi kamar jikin mai zazzaɓi, na tura cikin hijabi, na bi ta bayan rumbu zuwa ɗakin Kaka Haske.

Kaka Haske ita ta haifi Baba da Gwaggo. Idonta ya yi rauni, amma hancinta da kunnenta ko kare sai ya sara mata. Tana zaune bisa tabarma tana ɓare gyaɗa.

"Wa ka tahiya kamar ɓarawon akuya? Basira? Mi kika ɓoyo, mijin namu ya aiko min da tukuici?"

Na tura ƙofa, na ɗauki cokali na ɓalle marfin da gindinsa. Marfin ya yi tsalle ya bugi rufi. Kumfa ta taso fara fat, ta bi hannuna har gwiwar hannu, ta ƙi tsayawa. Da ta lafa na tsiyaya a ɗan kofin shayinta na gilashi. Launin ya yi kyau, ba zan ɓoye ba, kamar zuma da aka sirka, amma da hazo-hazo a ciki wanda wancan karon babu. Ƴan ƙwayoyin iska suna ta hawa daga ƙasa ba hutawa.

Na yi bisimilla, ban ma san ko ta halatta ba, na kurɓa.

Tsabren ne ya fara gaishe ni, namu ne, na gane shi, ni na yanke shi da hannuna. Na'ana'a ta biyo baya a raunane. Na jira zaƙin geron nan, bai zo ba. An cinye shi. A wurinsa wani tsami ne mai cizon gefen harshe, ɗacin kinkeliba kuwa ya yi girma, ya zauna daram kamar mai gida. Na haɗiye. Sai wani ɗumi ya bi maƙogwarona a hankali ya sauka ƙirji, ya bazu, ya hau har kunnuwana. Abin da ya fi ba ni tsoro, bakina ya so ya ƙara.

Na ajiye kofin da sauri. "Astagfirullah. Astagfirullah."

"Miƙo nan," in ji Kaka.

Ba ta sha ba. Ta kai shi hanci ta ja numfashi sau ɗaya. Sannan ta kara kofin a kunnenta, ta rufe ido tana saurare. Na ga fuskarta ta canza, kamar wadda ta ji muryar wani da ya daɗe da mutuwa.

"Ya tashi," ta ce. "Kwana nawa?"

"Huɗu."

"Cikin zahi?"

"Ɗakin Inna."

Ta yi wata ƴar dariya marar daɗi. "Kwana guda ruwan zaƙi na, yara ka sha. Kwana biyu ya fara wayo. Kwana ukku ya zama namiji. Na huɗu kam, ko sarkin noma ya sha ƙwarya biyu sai an kai shi gida."

"Kaka, ke ina kika sani?"

Ta ce, "Uwata ita ka dahwa ma ƙauyenmu, can cikin Kurhwai, tun ba a gina masallaci ba. Ni ka tsare tukunya in saurara, in ta fara waƙa in kira ta. Na yi sallah, na yi aure, na binne zancen. Ubanki bai sani ba. Bintu ma ba ta sani ba, da take ta hura hanci." Ta turo mini kofin. "Yaron bai yi ƙarya ba. Hannunshi mai kyau na, ya san ganye. Amma abin ga ba ya san alkawali, zahi kawai ya sani. Wa ya bar shi cikin zahi?"

Hawaye sunka zubo mini. Na faɗa mata komai, saƙon, tsintsiya, babban yatsa.

"Kaka, ki gaya wa Baba. Ke yana jin maganarki."

"In ce mishi mi? Ya ce min ina na san warin giya, in tone abin da na rufe shekara sittin?" Ta girgiza kai. "A'a ɗiyar nan. Shirunki ya dahwa ta, bakinki ka sauke ta."

Na fito na maƙale bayan rumbu na kira Mansur. Ba ta shiga. Na sake. Suna hanya, kuma kun san hanyar nan, akwai wuraren da waya ke zama dutse. Na rubuta:

"Ban sa a firigo ba. Tun Talata yana ɗaki. Ya lalace. Ka yafe mini."

Alama ɗaya. Saƙon bai tafi ba.

Na nufi Inna. Tana tsakiyar mata tana juya tukunya, gumi na zuba. Na tsaya kanta.

"Inna, ina son magana."

"Iye! Amarya ta yi baki!" wata maƙwabciya ta ce, mata sunka kwashe da dariya. Gwaggo Bintu na zaune bisa kujera ƴar tsugune, ta zuba mini ido.

"Faɗi mana mu ji. Ko kin fasa ne? Abdurrazak na nan, bai tahi ko'ina ba."

Maganar ta koma ciki. Na juya. Ina jin Gwaggo tana cewa ita zafi ya ishe ta, za ta shiga ɗakin Inna ta ɗan miƙe, ta kuma ga kayan da ake ta yi wa guɗa.

Na yi wanka, na sa bazan ɗin, ɗinkin wuyan yana soke ni kamar ƙaya. Na yi azahar, na yi la'asar, ban san abin da na karanta ba. Kowane minti ina duba waya. Alama ɗaya. Na yi tunanin in fasa kwalaben duka in ce haɗari ne, amma Gwaggo na kwance a ɗakin. Ina cikin haka na ji tsayuwar mota, na ji sallamar maza. Na leƙa ta tagar ɗakina, na ga Baba cikin farar babbar rigarsa ta Juma'a ya shigo, ya tsaya ƙofar ɗakin Inna, an miƙo masa kwalabe shida bisa faranti, ya juya zaure da su da kansa.

A daidai lokacin wayata ta yi ƙara. Mansur.

"Basira! Yanzu saƙonki ya shigo. Innalillahi. Kwana huɗu?" Ya ci gaba da sauri. "Kada kowa ya sha. Kin ji? Kada Malam ya kai shi baki."

"Ya riga ya ɗauka. Kana ina?"

"Ƙarƙashin iccen bedi, ƙofar gidanku. Kawu ya bar wayarsa cikin mota, ga ta nan ina kallo. Bari in shiga."

"In ka shiga ba a kira ka ba, sun ce ba ka da tarbiyya. Kuma kai za su ɗora wa."

"To ya za a yi? In bar surukina ya sha giya da hannuna?"

Bai ce mini me ya sa ba. Ko sau ɗaya bai ce ba. Wannan ne ya tashe ni tsaye.

Ban san yadda na ratsa tsakar gida ba. Na ji Inna na cewa, "Ke! Ina za ki?" Na tsaya bayan ƙofar zaure. Ta tsagar ƙyaure ina ganin kawunnan Mansur biyu bisa darduma, da liman, da goro a tsakiya. Baba ya ɗauki kwalba yana cewa, "An yi ta magana bisa sana'ar yaron ga. Ni ba ni hukunci da ji. Ga shi, gabanku."

Ya sa mabuɗi. Fau! Kumfa ta yi tsiri ta wanke gaban farar rigar. Wani kawu ya yi dariyar yaƙe ya ce hanya ce ta girgiza shi. Baba ya jira ta lafa, ya ce bisimilla, ya ɗaga.

"Baba, kada ka sha!"

Ni ce. A tsakiyar zaure, gaban maza, ranar neman aurena, kaina ko mayafin kirki babu. Zauren ya yi tsit har ina jin kumfar na mutuwa cikin kwalba.

Na durƙusa. Idona a ƙasa na faɗa, muryata kamar ta wata. Na ce ya aiko da saƙo tun Talata a sa a sanyi. Na ce ni na ji, ni na yi shiru. Na ce da ya tambaya na nuna masa an sa. Na ce abin ya juya, ba yadda ya aiko shi ba ke nan. Na tura wayata gaban Baba, na danna saƙon. Muryar Mansur ta cika zauren, har da "gimbiyar kinkeliba". Na so ƙasa ta tsage.

Baba ya ajiye kwalbar a hankali, nesa da darduma.

"Ke ya anka yi kika san ya juya?"

"Na ɗanɗana."

Liman ya yi gyaran murya. "Kurɓi nawa?"

"Ɗaya, Malam."

"Mi ya hana ki faɗi tun Talata?" in ji Baba.

"Kunya."

"Kunya." Ya maimaita, yana duban rigarsa da ta jiƙe. "Kunyar da ta kusa shayar da ladan giya gaban limaminshi." Ba wanda ya yi dariya. Ya ce a kira yaron.

Mansur ya shigo ya zube, hularsa a hannu. Baba ya tambaye shi abu ɗaya: in an bar abin nan cikin zafi, giya yake zama ko ba giya ba? Da ya ce a'a, da wataƙila an wuce wurin.

"Yana zama, Baba. Shi ya sa ba mu sayar wa wanda ba shi da firigo. Kuskurena ne da na aiko shi tafiyar nan ban biyo shi ba."

Baba ya kalle shi. Sannan ya juya ga kawunnan.

"Shekara ashirin da ɗaya ban taɓa jin muryar ɗiyar ga ta wuce ƙofar ɗaki ba. Yau ta ratsa zaure. Tambayar da nike jin nauyin yi mata, ta amsa." Ya ɗaga yatsa. "Amma ban ba ku ba, ban hana ku ba. Ku bar goronku nan. Litinin in Allah ya kai mu ni ka zuwa Yamai in ga tukunyar da idona, in sha shi inda anka dahwa shi. In na samu yadda ya ce, an gama. Sharaɗi guda: abin ga bai shiga cikin kowa ba a gidana, ban da kurɓin wannan marar wayon. A tattara shi a zubar, yanzu. Da ya bugar da mutum guda ƙarƙashin rufina, da ko gaisuwa ba ta sake haɗa mu."

Na tashi. Ban dubi Mansur ba, amma na ji idonsa a bayana. A tsakar gida mata sun yi cirko-cirko, Inna ta riƙe baki. Na wuce su, zuciyata na cewa alhamdulillahi, alhamdulillahi, na nufi ɗakin Inna in ɗauko katon in kai bayan gida.

Na ɗaga labule. Ƙafata ta bugi wani abu, ya gangara ya yi ƙara. Kwalba ce, babu komai ciki. Kusa da ita wata. Bayan ƙofa ta uku.

Gwaggo Bintu na zaune tsakiyar gadon Inna, jar lafayar ta zame har kafaɗa, ɗankwali a karkace, tana kaɗa ƙafa kamar yarinya. Ta dube ni, ta yi mini wani murmushi da tunda aka haife ni ban taɓa gani a fuskarta ba.

"Basira, ɗiyata ta kaina," ta ce, harshenta na nauyi. "Zo nan. Na ce bari in ɗanɗana in kama shi da hujja. Yaron ga naki... hannunshi da albarka. Akwai mai sanyi?"

Daga tsakar gida na ji takun takalmin Baba, da muryarsa tana matsowa.

"Ina Yaya Bintu? A kira min ita, ta zo ta ji yadda munka yi."